Mai Haƙar Rijiya da Tudun da Aka Cire wa Hula

Ranar sadakar uku ina zaune cikin mata a tsakar gidan Kawu, sai na ji wata tsohuwa daga bayana tana ce wa ta kusa da ita, "Allah shi jiƙan shi, amma dai bakinai ba shi da kyau. Abin da duk yac ce sai ya faru."

Ɗayar ta rage murya. "Ai shi yac cinye gonakin gabas da baki."

Inna, mahaifiyata, ta danne min gwiwa da hannu, alamar in yi shiru. Gawar yayanta ko kwana uku ba ta cika ba a ƙasa, ba ta son hayaniya. Amma na juya.

Na ce, "Hajiya, ba bakinai ba na. Ruwa na yac ci gonakin, kuma ya hwaɗa muku tun ba a fara ba."

Wata ta ce in yi haƙuri, zafin rashi ne. Ba zafin rashi ba ne.

A waje, wurin maza, magana iri biyu ce ke yawo. Baƙin da suka zo daga Katanga da Giwa Tazo, wasu a kan babur wasu a bayan motar albasa, abu ɗaya suke ta faɗi: har yau ruwan rijiyar da Kawu ya haƙa musu suke sha. Wani dattijo ya ce tasu ta haura shekara arba'in ba ta taɓa ƙafewa ba. Mutanen garinmu kuwa sai su yi addu'a, su shafa, su ƙara da cewa, "Allah shi yahe mai taurin kai." Ƙaninsa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, shi ke karɓar gaisuwa. Kansa na ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ba zan bari a rufe wannan mutum da sunan mai mugun baki ba.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Garinmu ƙarami ne, tsakanin Jega da Maiyama, gero da dawa da damina, albasa da rani. Shi haƙar rijiya ce sana'arsa, fiye da shekara hamsin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata, babban yatsansa na hagu ba farce tun ranar da dagi ya sauka a kai. Bai yi boko ba. Karatun allo ya yi daidai na salla da ɗan abin da ya fi haka.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba masu rijiya haushi. Duk ƙasar da aka jawo da guga ba ya yarda a zube ta wuri ɗaya. Jar ƙasa gefe, marmara gefe, yumɓu gefe, farin yashi gefe, a jere bi da bi yadda ya tarar da su a ciki. Idan akuya ta watsa masa jeri, sai ya fito daga rami ya gyara. Kuma yana ɗanɗana ƙasa da harshe. In wani ya yi masa gardama kan abin da ke ƙarƙashin gari, ba ya ɗaga murya. Sai ya dube shi ya ce, "Ka taɓa shiga?"

Tun ina yarinya na san ana yi masa kallon wanda ya faye tone-tone. Wata shekara ya dawo daga wani aiki can hanyar Sakkwato da wasu abubuwa ƙulle a bakin rawani. Ɓawon katantanwa ne irin na ruwa, amma sun zama dutse, daga cikin farar ƙasa mai zurfi ya ciro su. Ya baza su a gindin bishiyar da dattawa ke zama bayan la'asar, ya ce babban ruwa ya taɓa kwanciya a ƙasar nan tsawon zamani, har halittunsa suka mutu suka taru, ƙasa ta hau kansu.

Wani daga cikin dattawan ya ce, "Kai dai kana son shiga abin da ya hi ƙarhinka. Allah yay yi ƙasa, yay yi dutsi, magana ta ƙare."

Kawu ya ce, "Allah yay yi, ban yi gardama ba. Shi yay yi gero kuma, amma ka san yadda aka shibka shi har shi hito. Ni yadda yay yi nika son gani. Ido na anka ba ni, ba ado ba."

Aka yi dariya, wasu suka tsuke fuska. Daga ranar aka fara cewa ya cika kaifin baki.

Ni da shi mun taɓa ɓatawa, kuma ni ce da laifi. Lokacin na shiga kwalejin horon malamai, ina karanta labarin ƙasa, na dawo hutun farko kaina cike da iska. Ya tambaye ni abin da ake koya mana. Na gyara zama na ce masa ƙasar da muke takawa ba ɗaya ba ce, manyan ɓangarori ce da ke tafiya a hankali, tafiyar da ido ba ya gani. In biyu suka yi karo sai tsakaninsu ya tattare ya tashi sama, haka duwatsu ke samuwa.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Tudun bayan gari fa?"

Na ce, "Duk ɗaya ne, Kawu. Tasowa ya yi."

Ya ce, "Bai taso ba."

Na yi dariya. Har yau ina jin kunyar dariyar nan. Na ce, "Kawu, a littafi fa yake."

Washegari da hantsi ya aiko in sa takalmi in same shi. Muka hau tudun, shi a gaba ni a baya ina haki. Samansa a baje yake kamar faifai, jar marmara mai tauri ta rufe shi duka. Ya nuna min wani tudu can wajen Maiyama, da wani a arewa, da wani ƙarami a tsakani.

"Diba kawunansu. Wane ya hi wani tsawo?"

Na duba. Duk kai ɗaya, kamar an ja zare an yanke.

Muka sauko ta gefen da ruwa ya zaftare. Ya sa yatsa yana bi: marmara a sama, jar ƙasa, yumɓu, yashi, kowanne kwance a miƙe ba lanƙwasa. Ya ce ya yi rijiya a gindin wancan tudun na wajen Maiyama, jerin da ke jikinsa ke nan, ba bambanci.

"Abin da anka tura yat tashi, ba shi kwanciya daidai haka. Ɗiyata, nan bisa inda munka tsaya, nan ƙasa take dauri, daga nan har can. Ruwa ya kwashe ta kaɗan-kaɗan. Inda marmara tay yi kauri ta hana shi. Tudun ga saura na. Mu muna zaune cikin abin da anka kwashe."

Na yi fushi. Kwana biyu ban je gaishe shi ba. Da na koma makaranta na kai wa malaminmu maganar, ina fatan ya ƙaryata ta. Ya ce wanda ya gaya min ya yi daidai, akwai tuddan da ba tashi suka yi ba, saura ne, kuma namu na wannan yanki irinsu ne. Da na dawo na durƙusa na faɗa wa Kawu. Ya yi murmushi ya ce, "Shi malamin naku, ya taɓa shiga rijiya?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ya yi ƙoƙari."

Daga nan ne ya buɗe min cikinsa. Ashe duk yawon da ya yi na neman abinci, duwatsu yake karantawa. A ƙasar Zuru ya sha wahala, dagi ya yi ta tsalle a hannunsa. Ya ce duwatsun can masu sulɓi ne, kamar ƙwarya a kife, ba su da jeri ko ɗaya, ƙyalli-ƙyalli ne a jikinsu. Ya ce wannan narkewa ya yi a can cikin ƙasa kamar ƙarfe a maƙera, ya huce a ɓoye, daga baya ruwa ya yaye masa rufi. Da ƙuruciya kuma ya je cin rani haƙar kuza a ƙasar Jos. Can ya ga wani tudu mai rami a ka, duwatsunsa baƙaƙe masu huji-huji kamar masa. Ya ce bai buƙaci kowa ya gaya masa ba, wanda ya taɓa ganin kunu ya tafasa ya zubo ya san abin da ya faru, wuta ce ta amayo shi.

Ɗaya ne ya gagare shi. A wata hanya da aka yanka cikin dutse ya ga jeri ya lanƙwashe, ya hau ya sauka kamar zanen da aka tattaro. Ya ce, "Na san tura shi anka yi ta gehe. Amma mi ka iya tura dutsi? Shekara talatin ina tunani." Nan ne karatuna ya yi rana. Na sake yi masa bayanin ɓangarorin ƙasa masu karo, wannan karon ba da girman kai ba. Ya ce, "To wanga ke kib ba ni shi. Allah shi yi miki albarka." Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Da ya tsufa 'ya'yansa suka haɗu suka kai shi Makka. Abokan tafiyarsa sun dawo suna ƙorafi, wai in an tsaya da mota kowa na neman inuwa, shi yana can yana shafa dutse. Ni kuwa ko dabino bai miƙo min ba sai da ya ce, "Na ga irin dutsi na biyar." Wani dogon bango ne na dutse, a tsaye cak, ƙasa a shimfiɗe a gindinsa. Ya ce wannan ba naɗewa ya yi ba, ƙasa ce ta tsage, ɓangare ɗaya ya hau ɗaya ya zauna. Na buɗe littafina na nuna masa zanen. Ya ce mai zanen ya rage tsayin.

Sai shekarar da aka zo gyaran hanya. Wani ɗan kwangila yana neman marmara ta ciko, idonsa ya faɗa kan tudunmu. Gefen gabas na tudun mallakar gidan su Kawu ne tun kakanni, kuma a gindinsa gonakin albasa suke. Kawu Ƙarami ya amince, dattawa suka amince. Tudun ba ya fid da ko zangarniya ɗaya, in ji su, ga kuma aiki ga samari.

Kawu ya je zauren mai gari. Ina da wannan daga bakin waɗanda suke wurin. Ya ce, "Marmarag ga hula ta. Ƙarƙashinta yumɓu na da yashi, ba su da ƙarhi. Kun cire hula, ruwa ya samu ƙohwa. Damina biyu, uku, kwazazzabo za shi sauko cikin albasarku. Ku kai su wancan hwaƙon na kudu, babu gona ƙarƙashinai."

Aka ce faƙon ya yi wa tifa nisa. Kawu Ƙarami ya ce, "Yaya, kai komi sai ka kawo mishi tarihi. Dutsi na, ba mutum ba."

Ranar da katafila ta iso, ta tarar da shi zaune a kan tabarma a daidai inda za ta fara, da butarsa da daginsa. Yana da shekara saba'in da wani abu. Direban ya yi ta hon, ya sauko ya roƙe shi, ya koma. Kawu ya yi azahar a wurin, ya yi la'asar. Kwana uku yana fitowa da sassafe. Inna ta kai masa fura tana kuka, tana cewa ya rufa mata asiri ya tashi. Ya sha furar ya ce ta koma gida.

A rana ta huɗu Kawu Ƙarami ya turo 'ya'yansa maza huɗu. Suka gaishe shi, suka ba shi haƙuri, suka kama kusurwoyin tabarmar suka ɗaga shi cak. Bai yi kokawa ba, bai zagi kowa ba. Ana tafe da shi mutane na dariya, ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida na hwaɗi! Gonag ƙanena za ta fara tahiya!"

Wannan kalma ce aka riƙe masa har kabari.

Damina ta farko ruwa ya tsaga 'yar hanya ja daga inda aka ƙwaƙule. Ta biyu ta zama rami. A ta uku, cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi, gefen tudun ya zubo, kwazazzabo ya ratsa gonaki bakwai. Ta Kawu Ƙarami ce a gaba, ta tafi har da rijiyar da yake ban ruwa da ita. Ɗan kwangila ya daɗe da gama aikinsa ya tafi.

Na ɗauka za a zo a ba Kawu haƙuri. Abin da ya biyo baya ya fi ba ni mamaki. Sai aka fara kauce masa. Mata na janye yara in zai wuce. Aka ce ya yi wa ƙaninsa baki don an kunyata shi. Ya fi wa mutane sauƙi su ce tsoho ya yi baki da su ce mun ji mun ƙi.

Na same shi ina huci, na ce, "Kawu, kun ji abin da ake faɗi?"

Ya ce, "Na ji. In bakina ka tsaga ƙasa, mi zai sa in shekara hamsin ina wahala da dagi?"

Bayan damina ya ɗauki igiya ya raba gonarsa biyu, ya aika a gaya wa ƙaninsa ya zo ya dasa albasa a rabin. Kawu Ƙarami ya ƙi zuwa don kunya. Kawu bai jira shi ba, ya fara haƙa rijiya a rabin da ya ware. 'Ya'yan Kawu suka hana, ya ce wanda ya isa ya zo ya ɗauke shi. Ba wanda ya zo. Samarin nan huɗu da suka ɗaga shi a tabarma su ne suka riƙa jan guga, ba mai iya haɗa ido da shi. Wata guda da 'yan kwanaki ya kai ga ruwa. Ita ce rijiyarsa ta ƙarshe, daga ita ƙirjinsa bai sake daidai ba.

Kada a ce waliyyi nake zanawa. Ranar da Kawu Ƙarami ya zo godiya, Kawu ya bar shi durƙushe ya ce, "Dutsi na, ba mutum ba, ko?" Sau ɗaya ya faɗa, amma ya faɗa, kuma a gaban matansu. Yana da riƙo. Ya rasu bai sake zama a gindin bishiyar dattawa ba.

Kwana goma sha biyu bayan rasuwarsa, ina shirin komawa makarantar da nake koyarwa a Aliero, sai labari ya zo cewa wani ɗan kwangilar ya aiko wakili. Gefen yamma yake so. A gindin yamma akwai sauran gonakin albasa, akwai makarantar firamare.

Mace ba ta shiga zauren mai gari in ana shawara. Na sa hijabi na tafi. Inna ta biyo ni har ƙofar gida tana kiran sunana, ban waiwaya ba. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa, na nemi izinin magana. Kafin a ba ni ko a hana ni, na shimfiɗa babbar takarda da na zana jerin tudun, marmara, jar ƙasa, yumɓu, yashi. Na faɗi abin da Kawu ya koya min.

Wakilin, wani mai farar shadda, ya yi murmushi ya ce, "Malama injiniya ce?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To."

Wani dattijo ya ce in tashi, an ji. Na fara naɗe takardata, idona ya cika. Sai na ji muryar Kawu Ƙarami daga lungun zaure. Tun rasuwar ban ji ya haɗa jimla biyu ba.

"Ranka shi daɗe, a ba ni baƙon ga in nuna mishi gonata."

Mai gari ya dube shi, ya miƙe. Da ya miƙe kowa ya miƙe. Aka fita cikin rana, ni ina can baya. Muka bi ta gabas har inda ƙasa ta yanke. Kwazazzabon ya fi tsayin mutum uku zurfi, jajawur, saiwoyin bishiya na reto a gefensa. A can ƙasa ana hango rabin bakin tsohuwar rijiya a karye.

Kawu Ƙarami ya nuna da sandarsa. "Nan albasata take. Yayana ya hana ni, nis sa ɗiyana sunka ɗauke shi awa buhu, gari na dariya. Ba baki yay yi min ba. Ni niy yi ma kaina, kuma duk wanda ad da rai nan ya sani." Ya juya ga wakilin. "Wanda ka son yamma, ni za ya fara ɗauka. Ga ɗiyan nan, sun iya."

Babu wanda ya yi dariya. Wakilin ya leƙa ramin, ya ja da baya yana kakkaɓe bakin wandonsa. Mai gari ya ce ba za a sa hannu yau ba. Bayan mako guda motarsu ta bar garin. An ce suna neman wani wuri, an kuma ce za su dawo da takarda daga sama. In sun dawo za su same mu.

A hanyar komawa Kawu Ƙarami ya rage tafiya har na cim masa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Takardag ga taki, ki bar min ita. Ki rubuta sunayen da ajami yadda zan iya karantawa."

Na rubuta masa a ranar, a kan gwiwata, a ƙofar gidan Kawu.

Ya Allah, bawanka ya shayar da garuruwa, ka shayar da shi. Ya daɗe cikin ƙuncin rami don wasu su sha, ka yalwata masa nasa, ka sanyaya shi. Mu da muka rage, ka ba mu kunnen jin gaskiya tun mai faɗinta yana da rai. Amin.